Rigar bututun ruwa ta ƙasashen sanyi a zafin Garwa

Ƙanena da ke karatu a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada ne ya fara ba ni labarin soson da ake sanya wa bututun ruwa kamar riga, bayan da bututun gidan hayarsu ya fashe a tsakiyar watan Janairu. A can, da zarar sanyi ya kai digiri 0 ruwa yana daskarewa, kuma ƙanƙarar kan kumbura ta fi ruwan girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. Idan ta toshe bututu, sai ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da aka rufe ya rasa mafita, ya yi ta matsa bututun har ya tsage. Shi ya sa masu gidaje ke lulluɓe bututun da ke ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da na jikin bangon waje, wasu kuma su bar famfo yana ɗiga a daren da sanyi ya tsananta.

Mu a Garwa da ke arewacin Kamaru, iyakar ɓarnar hunturu ita ce fasa leɓe da duga-dugai. Damuwarmu bazara ce, domin a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma bututun da ya sauko daga tankin gidana ya bi bangon yamma ne, har ya zama ruwan la'asar ba ya taɓuwa balle a yi alwala da shi. Da na fahimci cewa soson ba ya samar da ɗumi ko sanyi, tare hanya kawai yake yi tsakanin ruwan da iskar waje, sai na ga ba abin da zai hana shi yi mini aiki a nan.

Na same shi a wani shagon kayan na'urar sanyaya ɗaki da ke kusa da babbar kasuwa. Iri biyu ne: mai launin toka marar nauyi, wanda aka tsaga a tsaye don a cusa bututu ciki, da baƙi na roba, wanda masu haɗa na'urar ke sanya wa bututun tagulla. Tsawon kowane ɗaya mita 2 ne. Na ɗauki baƙin mai kaurin milimita 13, na ƙara da mai toka guda biyu saboda araharsa. Mai shagon ya kyauta, domin bai sayar mini ba sai da ya sa na koma gida na auno faɗin bututuna, yana cewa rigar da ta yi wa bututu yawa ba ta tsare komai.

Bambancin ya fito tun ranar farko. A da sai mun zubar da kusan bokiti guda kafin ruwa ya taɓu, yanzu kuwa cikin buta ya isa. Sai dai kada mai saye ya yi tsammanin ruwan randa, domin soson ba ya huce abin da rana ta riga ta dafa a cikin tanki, kuma ruwan da ya daɗe tsaye a bututu zai ɗumama a hankali. Haka abin yake a Kanada ma, inda bututun da aka lulluɓe kan daskare idan gida ya kwana biyu babu ɗumi.

Babban aibin soson shi ne rashin jure rana. Mai tokar da na bari tsirara bai kai damina ba ya soma marmashewa kamar busasshen burodi, kajin gida kuma suka ƙarasa na ƙasan da tsattsaga. Salatif ɗin da na ɗaure mahaɗai da shi ya saki cikin makonni kaɗan, sai da mai gyaran famfo ya naɗe baƙin da takardar alminiyum mai ɗanko, ya ɗaure da waya, sannan ya zauna. A kan gwiwar bututu ma sai an yanka shi a karkace an haɗa, aikin da ke bukatar haƙuri da wuƙa mai kaifi. Yana kuma ɓoye yoyo, don haka a gyara duk mahaɗar da ke tsiyaya kafin a rufe ta.

Wanda bututunsa ke binne a ƙasa ba ya bukatarsa. Wanda nasa ke shan rana a bango ko a kan rufin kwano, ya sayi baƙin, ya kuma sa kuɗin alminiyum a cikin lissafinsa tun daga shago. Nawa ya shiga bazara ta biyu ke nan, kuma wuri ɗaya kawai na sake naɗewa, daidai gindin tanki.