Bashi ya taso ka gaba: ta ina za ka sayar da motocin wasan da ka tara?

Duk wanda ya shekara goma yana jera 'yan motocin Hot Wheels da Matchbox a kabad, ranar da mai bashi ya fara yi masa sallama da sassafe, kallon kabad ɗin nan zai sauya. Bara na shiga wannan hali, kuɗin hayar shago ya taru a kaina.

In ka kwashe su ka kai wa mai shagon kayan yara a Babbar Kasuwar Katsina, a ranar za ka riƙe kuɗi, amma kuɗin motar roba zai yi musu, shi a wurinsa mota mota ce. Dillali kuwa zai ci la'ada gaba da baya. Jingina ma kar a fara.

Ni dai a sayar guda-guda ga waɗanda suka san darajar abin. Sai ka zauna da tsumma da fitilar waya, ka juya kowace mota ka duba cikinta. In ka ga sunan Lesney, kamfanin Ingila da ya fara yin Matchbox a 1953, ware ta gefe. Hot Wheels ta farko-farko, wadda Mattel ya fito da ita a 1968, akwai jan layi zagaye da tayarta, masu tarawa ita suke nema ido rufe. Wadda ba a ɓare kwalinta ba, don Allah kar ka bari yara su taɓa. Ka ɗauki hoton gaba da baya da ƙasa, ka sa a Facebook ko Jiji, ka yi haƙuri. Makonni za a ɗauka, don haka ka fara zuwa wurin mai bashin da kanka ka nemi a raba maka biya.

Shekarar da ke ƙasan mota shekarar da aka zana ƙirarta ce, ba lallai a lokacin aka ƙera ta ba, kar ka tsawwala kuɗi a yi maka dariya.

Sai maganar 'yan damfara. Wani ya same ni wajen Ƙofar Ƙaura cikin shadda mai maiƙo, bai ko taya ba, ya ce, "Alhaji, na tura, duba wayarka." Saƙo ya shigo kuwa. Ya hau Keke Napep da motoci goma sha biyu a leda, da dare na duba asusu babu ko sisi. Alat na bogi ne. Kar ka saki kaya sai ka buɗe manhajar banki ka ga kuɗin sun zauna, ko ku je wurin mai POS a ciro a gabanka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Wanda ya ce ka ba direba saƙon a tasha, in ya karɓa zai turo, toshe lambarsa. Haka mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka maido masa da ragowar.

Wata uku na yi kafin na sallami mai shago. Motoci uku na bari a kabad, har da wata jar motar kashe gobara mai karyayyen tsani da ba wanda ya taya.