Bita, kwas ko zaman asibiti: inda ya kamata ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam ya fara sa kuɗinsa

Da zarar ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam ya shiga aji uku, sai tallace-tallace su yi masa ca a WhatsApp, wannan yana tallan bita ta kwana biyu mai satifiket, wancan yana tallan kwas a intanet, alhali ɗan abin da ke aljihunsa, wanda sau da yawa iyaye ne suka ƙuƙuta suka ba shi, ba zai ishe shi ya sayi duka ba. Ƙannenmu na Gombe da Bauchi sun sha yi mini wannan tambaya, shi ya sa na ga ya dace a auna kowanne kafin a biya.

Bita mai satifiket ita ta fi jan ido, kuma a ganina ita ta fi ƙarancin amfani idan aka kwatanta da kuɗinta. Kafin ka biya, ka binciki wanda zai koyar, ka ji a ina ya yi karatu, kuma ko yana cikin ƙungiyar masana wannan fanni ta Najeriya, wato NPA. Takardar kwana biyu ba ta mayar da kowa mai duba marasa lafiya, domin aikin masanin halayya na asibiti yana buƙatar digiri na biyu a fannin tare da horo a hannun ƙwararre.

Kwas na intanet ya fi sauƙi, tunda yawanci data da cajin waya kawai yake ci. Laccocin gabatarwa da Farfesa Paul Bloom ya yi a Jami'ar Yale suna nan kyauta a YouTube, sai dai misalansu na rayuwar Amurka ne. Abin da ya fi kusa da bukatarmu shi ne kayan Hukumar Lafiya ta Duniya, wato shirin mhGAP da ta ƙaddamar a 2008 domin wuraren da ke da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, da kuma jagorar agajin farko ga wanda ya shiga firgici, wadda ta fito a 2011. Ga mai zaune a yankin da ya karɓi dubban mutanen da rikicin Borno da Yobe ya raba da gidajensu, wannan karatu ba na ado ba ne.

Ta fuskar littattafai, ɗalibai da yawa suna ɗokin mallakar DSM-5, littafin da ke rarrabe cututtukan ƙwaƙwalwa da alamominsu, wanda ya fito a 2013 aka kuma sabunta shi a 2022, amma da dala ake sayar da shi. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai rarrabe cututtuka, kuwa, wanda ya fara aiki a 2022, ana karanta shi kyauta a intanet. Ka haɗa da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, domin ka san haƙƙin mutumin da za ka zauna a gabansa. Idan kuɗin ya kai, kwamfuta ko da ta gwanjo ce ta fi tarin littattafai, kuma ba dole sai manhajar lissafin bincike ta SPSS mai lasisi ba, tunda takwarorinta jamovi da JASP kyauta ne, kuma sun isa lissafin binciken kammala digiri.

Zaɓin da nake fifitawa shi ne wanda ba a tallata shi ko kaɗan, wato ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ka nemi zama na wasu makonni a sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ko kuma, ga mai wurin sauka, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna. Kuɗinsa shi ne na mota da abinci, ribarsa kuwa babu littafin da ke ba da ita. A can ne za ka ji cewa mai ciwon damuwa ba ya zuwa da sunan ciwonsa, sai dai ya ce zuciyarsa ta yi baƙi, ko kansa yana zafi, ko barci ya ƙaurace masa. A can za ka ga dangin da sai da suka zaga wajen malamai da masu maganin gargajiya, suna kyautata zaton iska ce, kafin su iso asibiti, ka kuma koyi yadda ƙwararre ke sauraron Baba ko Inna ba tare da ya raina abin da suka yi imani da shi ba, ko da hirar ta koma Fulfulde ana neman tafinta.

Kafin ka amince da wuri, ka tabbatar akwai mutum ɗaya takamaimai da zai riƙa zama da kai a kowane mako yana duba abin da ka rubuta, yana kuma tambayarka yadda abin da ka gani ya taɓa ka, domin labaran da ake ji a ɗakin duba marasa lafiya sukan bi mutum har gida. Idan aka ce maka babu mai wannan lokaci, sai dai ka riƙa ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, to ka nemi wani wurin.