Da me za a auna meri: aikin da ido ya gani ko lissafin da ke takarda?

Malam, ka ce a unguwarku ta Garwa gardama ta ƙi ƙarewa: wasu na cewa mer, wato shugaban meri (ofishin ƙaramar hukuma), ya yi aiki tunda ga foraj (rijiyar burtsatse) ga azuzuwa, wasu kuma na cewa ba a san inda kuɗin komin, wato ƙaramar hukumar, suka shiga ba. Tambayarka ita ce da wanne za a auna shi. Ma'auni biyu ne, kowanne da abin da yake kamawa, sai dai ni ba na ba su nauyi ɗaya.

Masu kallon aiki suna da hujja. Komin ba ta tafiya da ka, tana da kundin shirin raya ƙasa, wanda ake kira PCD, kuma yawancin komin-komin ɗin Kamaru 360 sun rubuta nasu ne da taimakon PNDP, shirin gwamnati na raya ƙasa tare da jama'a. A ciki aka jera abin da ƙauyuka da unguwanni suka ce suna buƙata: ruwan sha, ajin firamare, ɗakin shan magani, rumfunan kasuwa, hanyar da ke yankewa da damina. Wanda ya riƙe wannan kundi ya zaga ya ƙirga abin da aka yi da abin da aka bari, ya yi awo na gaskiya, kuma ba ya buƙatar digiri.

Amma ido na da saurin ruɗuwa. Ba kowane sabon gini ne na meri ba. Tsaya a gaban allon da ake kafawa bakin wurin aiki ka karanta shi layi-layi: wa ya ba da aikin, daga ina kuɗin suka fito, wane ɗan kwangila, wata nawa aka ɗiba. Sau da yawa za ka ga kuɗin na BIP ne, wato kasafin ayyukan gwamnatin tsakiya, ko na FEICOM, asusun da aka kafa tun 1974 don tallafa wa komin-komin, ko na wata ƙungiyar agaji. A Garwa da Marwa da Ngaundare ma akwai ƙarin ruɗani, don kowane birni yana da meri uku na gunduma, sannan ga babbar meri ta birni a samansu, wadda manyan tituna da manyan kasuwanni ke hannunta. Sai ka ji ana yabon mer na gunduma kan kwaltar da ba shi ya shimfiɗa ba, ana kuma zaginsa kan ramin da ba hurumin sa ba ne. Ga kuma foraj ɗin da aka buɗe da kiɗa da guɗa, bayan damina biyu hannun famfon ya karye, babu kwamitin kula, babu asusun gyara, mata sun koma rijiyar da. A lissafin masu ƙirga gini, wannan foraj har gobe “aiki” ne.

Ma'auni na biyu ba shi da farin jini, don takarda ce da lambobi, kuma da Faransanci. Amma nan ne doka ta ɗaure mer. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta tsara cewa majalisar kansiloli ta zauna sau ɗaya kowane wata uku, ta amince da kasafin shekara mai zuwa kafin shekarar ta shigo, sannan bayan shekara ta ƙare mer ya kawo lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, wanda ake kira “compte administratif”. Ranar wannan zama mer ba ya shugabanci. Kansiloli ne ke zaɓen wanda zai riƙe zaman, kuma idan an zo ƙuri'a sai mer ya fita waje. A gefe guda mai ajiyar kuɗin komin, wato resebar, yana kawo nasa lissafin dabam, kuma dole biyun su yi daidai. Perefe ne ke sa ido a madadin gwamnati, lissafin resebar kuma yana zuwa gaban sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli a Yawunde.

Abin da ya sa na fifita wannan ma'auni shi ne yana amsa tambayar da gini ba ya iya amsawa. Doka ta ce a kasafin komin aƙalla kashi 40 cikin 100 na kashewa ya tafi ga ayyukan raya ƙasa, gudanarwa kada ta wuce kashi 60, albashin ma'aikata kuma kada ya haura kashi 35 na kuɗin gudanarwa. Ɗora kasafin farkon shekara kusa da lissafin ƙarshenta, ka bi abu biyar kawai: nawa aka yi tsammanin tarawa daga kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da tashar mota, nawa aka tara a zahiri, nawa aka ware wa ayyuka, nawa aka biya, nawa ya tafi man mota da tafiye-tafiye da bukukuwa. Komin da ke da kasuwar shanu mai cika maƙil kowane mako amma harajinta a takarda bai taka kara ya karya ba, to akwai ɓula a wani wuri, ko da mer ya gina azuzuwa goma da kuɗin da aka aiko masa daga sama.

Kada kuma wani ya ce maka sirri ne. Dokar nan ta ba kowane mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman ganin kasafi da lissafi da bayanan zaman majalisa, ya ɗauki kwafi da kuɗinsa. Zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, sai in an yanke a yi shi a rufe. Ka rubuta buƙatarka, ka kai ofishin babban sakataren meri, ka karɓi hatimi a kan kwafinka. Yadda za a karɓe ka ma wani awo ne.

Takardar ma tana da nata aibi, ban ɓoye ba. Ana iya rubuta cewa an karɓi aiki an biya, alhali ajin babu ƙofa babu benci. Majalisar da kusan duk ’yan jam'iyya ɗaya ne tana iya ɗaga hannu gaba ɗaya ba tare da an buɗe shafi ba. Shi ya sa lissafin ba wurin tsayawa ba ne, jagora ne: ka ciro ayyuka biyar da aka ce an biya, ka hau babur ka je ka taɓa su da hannunka, ka tambayi jauro ko lawan na wurin yaushe aka gama kuma wa ke amfani da su.

A yi wa mer adalci a abu biyu. Doka ta ce kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta, amma masu riƙe da meri sun daɗe suna kukan jinkirin saukar kuɗi daga baitulmali, kuma kuɗin da ya iso tsakiyar damina ba ya gyara hanya. Sannan ba daidai ba ne a auna komin da ke yankin Mayo-Sava, mai fama da hare-haren Boko Haram, ko ta yankin Mayo-Danay da ambaliyar 2024 ta cinye, da mudun da za a auna gundumar cikin Garwa.

Akwai wani aikin meri da ba shi da allo ba shi da bikin buɗewa, kuma ni da shi nake fara tambaya: takardar haihuwa. Mer shi ne jami'in rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ka je makarantar firamaren unguwarku ka tambayi darakta yara nawa ne a ajin ƙarshe ba su da takarda, waɗanda za su sha wahalar shiga jarrabawar CEP ta kammala firamare saboda haka, ka kuma tambaye shi ko adadin ya ragu tun zaɓen kansiloli na 9 ga Fabrairu 2020.