Ɗauki mai nauyin, ka bar ɗan mitsitsin nan

Ɗan'uwa, tsakanin injinan juya katako biyun da ka kawo kana tambayar wanda ya fi dacewa da yin biro na katako, na kan tebur mai jikin ƙarfen zubi da wancan ɗan mitsitsi na alminiyam da ake talla a intanet, ɗauki na ƙarfen.

Irinsa nake da shi, na hannu ne daga Ingila, motarsa rabin doki, wato wajen wat 370. Sai mutum biyu suka kama kafin ya hau benci, kuma nauyin nan shi ne kuɗinka. Jikin biro siriri ne ƙwarai, katakon da ke saura a kan bututun tagullar da ake sa wa a cikinsa bai wuce milimita 1 ko 2 ba, inji ya ɗan yi rawa kaɗan sai ka ga ya tsage. Ran nan na ɗora wani guntun ƙirya da na tsinto a Kasuwar Katako, kun dai san taurin ƙirya, icen turmi ne. Na kai gudun wajen juyi 3,000 a minti ɗaya, na kafa cizal, ɓawon na fita siri-siri kamar taliya, kofin shayin da na ajiye a gefen bencin ko motsi bai yi ba. Wani dattijon kafinta maƙwabcina ya karɓi biron ya juya ya juya, ya ce shi sam bai yarda a Jos aka yi shi ba.

Aibinsa ɗaya, da hannu ake sauya gudu: ka kashe, ka buɗe murfi, ka matsar da bel. Wajen gogar sampefa da shafa wa biron gam don ya yi sheƙi dole a rage gudu, to za ka riƙa buɗewa kana rufewa. In aljihunka zai kai ga mai maɓallin murɗawa, madalla, in bai kai ba wannan ma ya isa.

Wancan ƙaramin kuwa, yana juyawa dai. Masu lailaya 'ya'yan carbi suna iya morarsa, kuma ba ya cin wuta. Yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya raba su da gaske shi ne ramin da ke bakin injin. Biro a kan wata siririyar sandar ƙarfe ake juya shi, mandirel, ita kuma gindinta yana shiga ramin ne ya zauna daram. Girman ramin iri biyu aka fi samu, MT1 da MT2. Nemi MT2 a kan gaba mai juyawa da kan baya mai tokare sandar, don shi ne kayansa suka fi yawa, kuma ko ka sauya inji gobe ba za ka zubar da su ba. Da yawa daga cikin 'yan mitsitsin nan ba su da ramin ma gaba ɗaya, sai bakin diril kawai.

Kada ka zuba kuɗinka duka a inji. Akwai mandirel da bushin, wato 'yan zobban ƙarfe da ake zura wa mandirel su nuna kaurin da biron zai tsaya, bakin diril na milimita 7 don biro siriri, abin daidaita bakin bututu, sampefa daga lamba 150 zuwa 600, sufa gulu, da takunkumin ƙura da abin kare fuska. Cizal mai bakin kabayid, wani ƙarfe mai tauri ƙwarai, ya fi wa ɗan koyo sauƙi tunda ba ya son wasawa, in ya dakushe sai ka juya bakin. Katako kuma busasshe, domin ɗanye hunturun Jos zai fasa maka shi bayan ka gama wahala.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Akwai masu fesa wa tsohon inji fenti su manna masa tambarin babban kamfani, akwai masu ɓoye cewa an sake naɗa koyil. Duba ƙarfen bayanin da ke jikin motar: kayan Amurka galibi na volt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa 230, ka jona kai tsaye ya ƙone nan take, sai da taransifoma. Matso da kan baya har tsininsa ya sumbaci tsinin gaba, in sun saɓa ka bar shi, biron zai fito gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri. A kunna shi a gabanka, ka saurari boris. Wanda ya ce ka turo kuɗi tukuna ya aiko ta mota, ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Ka tafi da mandirel ɗinka ka gwada a wurin kafin ka ƙirga kuɗi.