Sakandaren da 'yata take: tauraro 4 cikin 5, ga dalilina

Masu turo min saƙo suna tambaya ko makarantar nan tana da kyau, bari in amsa gaba ɗaya. Gini da lab dinsu ba laifi, amma ni abin da ya sa na ba su tauraro 4 shi ne yanda yaran suke zama da juna.

Ai kowace makaranta yanzu sai ta buga hoton yara kala-kala a takardar talla, to amma ka shiga lokacin da aka fita hutun rabin rana ka gani, kowa ya ja nasa gefe, masu yare ɗaya can, 'ya'yan masu hali can, masu addini ɗaya sun yi nasu gungun. Anan gaskiya ba sa bari abin ya tafi haka. Malami ne yake haɗa grup da kansa, yara biyar ko shida, ya yanka darasin gida-gida ya ba kowa nasa yanki ya je ya koyo ya dawo ya koya wa sauran, kuma jarabawa a kan darasin duka za a yi, kenan in ka tsaya yi wa yaro dariya don bai gama iya yaren da ake koyarwa da shi ba to kai ne za ka faɗi, dole ka nutsu ka saurare shi har ka taya shi nemo kalmar da ta ɓace masa. Tsarin ana ce masa jigsaw, wani masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson ne ya fara shi da ɗalibansa a 1971 a garin Austin na jihar Texas a Amurka, lokacin da aka daina ware makarantu aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya rigima ta yi ta tashi. Tun 1954 ma wani masanin halayyar ɗan Adam ɗin, Gordon Allport, ya yi bayanin cewa tara mutane wuri ɗaya kawai ba ya cire ƙyama, sai in matsayinsu ɗaya, burinsu ɗaya, suna aiki tare, kuma na sama suna goyon baya.

Wannan na ƙarshen wallahi na gan shi da idona. Fom mastansu a rajista ta rubuta yanda ake furta sunan kowane yaro da fensir a gefe, ba ta yarda ta gajarta wa kowa suna don ya yi mata nauyi a baki. Da wani yaro ya zagi ɗan ajinsu da ƙabilarsa kuwa, a ranar firinsifal ya kira iyayen duka biyun, ba a ce "ai yara ne" an share ba. Yanzu 'yata da yamma za ka ji ta a waya ita da wata ƙawarta da a farko ko maganarta ba ta ganewa sosai, suna ta musu kan lissafi kamar tare suka tashi.

Inda suka rasa tauraro ɗaya kuma abin yana damuna sosai, bangaren iyaye ne. Duk sanarwa da yare ɗaya ake turowa a grup ɗin WhatsApp, akwai iyaye mata da sai 'ya'yansu sun fassara musu, har takardar da ke ƙorafi a kan yaron shi ne mai karanta wa uwarsa! A taron iyaye da malamai ma mutanen da suka saba magana su ne dai kullum, sauran suna baya shiru har a tashi. Sannan yaron da ya shigo a tsakiyar zango yakan sha kaɗaici kafin a sa shi a grup ɗin karatu na aji.

Na kawo shawara a taro cewa a nemi iyayen da suka iya yare biyu su riƙa taimakawa da fassarar sanarwa, sun ce za su duba zuwa zango mai zuwa, ina nan ina bibiya.