Bitar malaman kimiyya a Jos: kwana biyu sun biya kuɗina, na ukun ya bar ni da tambaya

Shekara tara ke nan ina koyar da bayoloji a wata makarantar mishan a kudancin Kaduna, kuma duk sa'ad da 'yan SS3 suka iso babin juyin halitta, sai cikina ya ɗuri ruwa. Manhajar WAEC ta ce a koyar da Lamarck da wuyan raƙumin dawa, da Darwin da littafinsa na 1859. Yaran kuwa sun tashi da Farawa sura ta ɗaya, labarin halitta na Littafi Mai Tsarki, a bakinsu. Dabarata a da ita ce in cika allo, in ce, "Ku haddace don jarrabawa kawai." Ran nan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke nan abin da ba ki yarda da shi ba kike koya mana?" Bakina ya mutu.

Shi ya sa da na ji labarin bitar kwana uku da aka shirya wa malaman kimiyya na makarantun Kirista a Jos, a hutun Agusta, na ciro naira dubu ashirin daga aljihuna na tafi.

Ranar farko kaɗai ta fanshe kuɗin. Wani dattijon ikilisiya, tsohon malamin jami'a, bai ma fara da Darwin ba. Cewa ya yi, duk wanda fastonsa ya tura gwajin jini kafin aure ya ɗaga hannu. Kusan duka ɗakin muka ɗaga. Ya ce to, me ya sa jinin AS, wato na mai ɗauke da gadon sikila, ya yawaita a ƙasashenmu, alhali a Turai da wuya ka same shi? Domin mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya girma, ya haifi masu irin jininsa. Wani masani, Anthony Allison, ne ya nuna haka a 1954 a gabashin Afirka. Dattijon ya kuma kawo misalin maganin kulorokwin, wanda ƙwayar zazzaɓi ta saba da shi har Najeriya ta canza magani a 2005. "Ga abin da Darwin yake nufi," in ji shi, "yana cikin jininku, kuma ba wanda ya fita coci saboda shi." Ya tuna mana cewa Mendel, mai gwajin wake da muke koyarwa kowace shekara, limamin Katolika ne. Kunya ta kama ni, don ban taɓa gaya wa ɗalibaina haka ba.

Rana ta biyu muka yi gwajin aji, wasu suka zama ɗalibai masu taurin kai. Ƙa'idar da aka ba mu mai sauƙi ce: kada ka tsayar da yaro gaban abokansa ka ce ya zaɓi ko Littafi Mai Tsarki ko littafin bayoloji. Faɗi hujjar masana yadda take, sannan ka sanar da shi cewa masu bi ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu riƙe da cewa an yi halitta cikin kwana shida cur, irin Bishop Ussher da ya lissafa halitta zuwa shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Akwai masu ɗaukar kwanakin a matsayin dogayen zamani, akwai kuma masu ganin juyin halitta hanya ce da Ubangiji ya yi aiki da ita. Wannan ya yi mini, musamman da yake akwai yara Musulmi a ajina, su ma da nasu tambayoyin.

Rana ta uku ce aka yi sake. Batun asalin ɗan Adam ne, inda gizo ke saƙar. Aka kunna mana bidiyon Amurka da Turanci kamar ana koro mai maganar, janareta ya mutu a tsakiya. Na tambayi Rabaran ɗin da ke jagoranta game da Toumaï, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Chadi a 2001, wanda masana ke ba kusan shekara miliyan 7. Me zan ce wa yaron da ya gani a waya? Ya yi murmushi ya ce, "'Yar'uwa, lokaci ya ƙure." Ko gyaran nan na cewa Darwin bai ce birin yau ne kakanmu ba, kaka ɗaya ya ce muka haɗa, a bakin wani malami na ji shi wajen cin gwate.

Wani giɓin kuma, ba a gayyaci malaman CRS, wato darasin addinin Kirista, ba, alhali da su muke raba yaran nan. Masauki ba laifi, sai dai sanyin Jos a Agusta ba ruwan zafi, ku tafi da rigar sanyi.

Da muka dawo na fara babin da tambayar gwajin jini. Minti arba'in suka ƙare ba wanda ya yi gyangyaɗi. Ana buga ƙararrawa wani yaro a bayan aji ya ce, "Malama, to Adamu fa?" Na ce ya bari sai Alhamis, na wuce ofishin malamin CRS.