Wasiƙa daga Kolombos Kan Furannin Baranda da Kasuwarsu

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in amsa tambayar da ka yi mini a waya game da yadda masu sana'a irin taka suke sayar da tsirrai a nan Amurka, domin a makon jiya ne na gama gyara barandar gidan da muke haya a Kolombos ta jihar Ohayo, kuma abin da na gani a kasuwa bai riga ya fita daga raina ba.

Gidajen unguwarmu ba su da katanga ko zaure, baranda ce take fuskantar titi, ita ce kuma take matsayin dakalin ƙofar gida a wurinmu. Duk mai wucewa yana ganinta, saboda haka da zarar hunturu ya fara ja da baya sai ka ga maƙwabta sun fito da tukwane suna jerawa a gefen matakala, suna rataya kwandunan furanni a bakin rufi. Wannan ɗabi'a ce take riƙe da kasuwar, tun daga manyan kantuna irin su Lowe's da Home Depot har zuwa ƙananan lambunan dashe da ke bayan gari.

Babban abin da ya bambanta mu da su shi ne lokaci. Kai matsalarka ruwa ce, daga Maris zuwa saukar damina, su kuwa matsalarsu sanyin dare ne mai daskarar da raɓa, wanda yakan iya komowa har farkon watan Mayu ko da rana ta yi ɗumi. Mutanen nan sukan ce a jira sai Ranar Uwa ta wuce, wato Lahadi ta biyu a Mayu, kafin a fitar da tsirrai masu son zafi. A shekarata ta farko ban san haka ba, na sayi fetuniya da marigol a tsakiyar Afrilu, dare ɗaya ya mayar da ganyensu baƙi kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Bana na fara da furen fansi, wanda yake jure sanyi, sannan na maye gurbinsa da jeraniyam da fetuniya bayan yanayi ya daidaita. Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta raba taswirarta shiyya 13 bisa tsananin sanyin hunturu, ta kuma sabunta ta a 2023, mu muna shiyya ta 6, kuma wannan lamba tana rubuce a jikin yawancin tsirrai masu daɗewa.

Rubutun nan shi ne abin da na fi so ka duba da kyau. Kowace ƙaramar tukunya tana da ɗan allon roba a soke cikin ƙasarta, mai ɗauke da sunan tsiron da hotonsa idan ya girma, da tsayin da zai kai, da tazarar da za a bari tsakaninsa da ɗan uwansa, da kuma yawan ranar da yake buƙata. Idan aka ce cikakkiyar rana, ana nufin awa 6 ko fiye a wuni. Barandarmu tana kallon gabas, rana tana barinta kafin azahar, don haka allon ne ya nuna mini abin da zan ajiye a bakin matakala da abin da zan tura can cikin inuwa. A wurinka duk wannan ilimi a kanka yake, ka kuma fi yawancin yaran kantunan nan sanin tsiro nesa ba kusa ba, amma mai saye yakan manta abin da ka gaya masa kafin ya isa gida, in tsiron ya mutu kuma ya ce hannunka ne ba shi da kyau. Manyan kantunan nan suna karɓar bishiya ko tsiro mai daɗewa da ya mutu cikin shekara guda idan an kawo rasit, ko da yake wannan bai shafi furannin da ake dasawa don kaka ɗaya ba.

Ƙasar tukunya ma a buhu ake sayenta, kuma a gaskiya ba ƙasa ba ce. Haɗi ne na ruɓaɓɓen gansakuka da ake kawowa galibi daga Kanada, da niƙaƙƙen ɓawon itace, da wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi da suke buɗe wa saiwa hanyar iska. Dalilinsu shi ne ƙasar lambu tana dunƙulewa a cikin tukunya ta hana ruwa tsiyayewa. Ina ganin haɗinka na yashi da busasshen takin shanu bai gaza wannan ba, idan ka ƙara masa buntun shinkafa zai yi sauƙin ɗauka, ya kuma rage toshewa.

A wajen tukwane kam mun fi su. Ta roba ce ta cika kasuwa saboda araha da rashin nauyi, ta yumɓu kuwa tana da tsada, sannan dole a shigar da ita ɗaki kafin Nuwamba ya yi nisa, domin ruwan da ta tsotsa yana daskarewa ya kumbura ya tsaga ta. Duk lokacin da na ɗauki ɗaya sai na tuna da matan da suke gina randa da tulu a garinmu, waɗanda aikinsu ya fi wannan kauri da kyau, abin da ya rage kawai a ce su huda gindin tukunyar kafin gashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ganin yaɗon dankalin Hausa a jerin kayan ado, wani mai ganye ruwan tsanwa mai haske, wani mai duhu kamar shuni, ana sa shi a bakin tukunya ya zubo ƙasa. Na sayi biyu. Na kuma ajiye na'ana'a a tukunyarta ita kaɗai saboda tana mamaye duk abin da aka haɗa ta da shi, da ita muke shan shayi da yamma. A watan Yuni wuni yana kaiwa kimanin awa 15, kwandunan rataye kuma suna bushewa da sauri, don haka bayan sallar asuba nake ba su ruwa, in sake taɓa ƙasarsu da yatsa bayan la'asar. Furannin nan duka za su mutu da sanyin farko na Oktoba ko Nuwamba, sai baɗi a sake saye, alhali kai abin da ka dasa wa mutum a ƙofar gidansa yakan yi shekaru yana fure.

Na ajiye allunan roba guda goma na waɗanda na saya bana, zan ba mai zuwa gida da babbar salla ya kawo maka, ka nuna wa masu buga takardu su gwada yi maka irinsu da Hausa. Ka gaishe da Inna da yara.

Naka ƙane.